Bodil Mai Auna Teku

Bodil Stausholm ba ta shiga gida ko mota sai ta sunkuya ta tsinki ciyawa 'yar kaɗan, ta watsa sama, ta ga inda ta nufa. Masu wasan golf duk suna yin haka kafin su bugi ƙwallo, don su san inda iska take kaɗawa. Ita kuwa ko kanti za ta shiga sai ta yi. Ranar auren yayanta Aksel, a ƙofar coci, tana cikin doguwar riga shuɗiya, ta tsinko ciyawa daga gefen wani kabari ta watsa. Ciyawar ta sauka a kafaɗar fasto. Ya kakkaɓe, ya ce, "Daga yamma take, Bodil. Kamar jiya."

Ta ce, "Na gode. Gara dai a tabbatar."

A garinmu Marvig ba wanda yake bukatar ya tabbatar. Iska daga teku take zuwa, teku kuwa yana yamma. Shi ya sa mutanen garin a karkace suke tsayawa, kafaɗa ɗaya gaba, hannu ɗaya a kan hula, ko da a layin gidan burodi ne.

Filin golf ɗinmu masunta da manoma ne suka yi shi, a kan siririn tudun yashi da ya raba teku da gonaki. Wurin ba shi da faɗi, don haka suka jera ramukan nan tara a layi ɗaya, daga kudu zuwa arewa. Mutum ya fara daga bayan rumfar gwanjon kifi, ya yi ta bugu teku na hagunsa, har ya kai rami na tara a gindin hasumiyar fitilar jirage. Daga can sai ya hau ɗaya daga cikin tsofaffin kekunan kulob ya dawo. Ni nake mayar da kekunan arewa da tarakta, tumakina kuma su ne suke aske ciyawar filin. Haka aka shirya da mahaifina, haka na gada.

Tunda teku kullum a hagu yake, iska ma kullum daga hagu take. Duk wanda ya auna tutar rami kai tsaye, sai dai ya je neman ƙwallonsa cikin dankalin mutane. Abu ɗaya ake koya wa sabon shiga a Marvig: ka auna teku, iska za ta dawo maka da ita.

Mahaifin Bodil, Thorkild, ƙyafa kifi yake yi a ƙasan tashar jirage. Bai taɓa riƙe sandar golf ba. Yakan ce, "A bugi ƙwallo, a bi ta a ƙasa, a sake bugunta, wai wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. To ni da ban buga ko ɗaya ba fa? Na cinye ku duka ke nan."

Bodil ce take kai ƙyafaffen kifi ɗakin kulob ranar Asabar, a kwandon keke. Tana 'yar shekara goma Gudrun Melgaard, malamar makaranta kuma shugabar kulob, ta gaji da ganinta tana leƙe ta taga, ta miƙa mata wata tsohuwar sanda da aka rage wa tsawo da zarto. Ta nuna mata ruwa da haɓa. Iyakar karatun ke nan.

Mu sauran muna auna teku ne muna fata. Ita tana aunawa ta san inda ƙwallon za ta sauka. Bugunta ƙasa-ƙasa yake tafiya, kamar tsuntsun da ya san gari, ya fita kan ruwa, ya ɗan dakata, ya juyo ya kwanta kusa da tuta. Kafin ta gama makaranta ba sauran wanda yake son a haɗa shi wasa da ita, in ban da Gudrun, wadda ba ta san kunyar faɗuwa ba. Ta ci gasar matasa ta gaɓar yamma, ta ci ta yankin Jutland baki ɗaya, ta wakilci ƙasa. Sai wata rana ta sami mahaifinta a bakin murhu, yana juya kifi.

"Baba, zan gwada in mai da shi sana'a."

"Biyan mutum ake yi?"

"In ya ci."

"In bai ci ba fa?"

"Ya dawo ya ƙyafa kifi."

Thorkild ya ƙara itace. Ya ce, "To, murhu dai yana nan."

Mai ɗaukar mata jakar sanduna bai yi wuyar samu ba. Aksel ya shiga jirgin kamun kifi kamar kowane saurayin garin, sai dai cikinsa bai taɓa yarda da teku ba. Shekara da shekaru yana amai daga fita har dawowa. Da ya ji akwai aikin da ake yi a kan ciyawa, bai ko tambayi nauyin jakar ba.

Haka suka shiga gasannin mata na Turai, su biyu cikin wata tsohuwar mota mai warin hayaƙin kifi. Shekarun farko ba abin ba da labari. A shekara ta huɗu, a gaɓar Ireland, aka wayi gari da guguwa. Rumfuna suka tashi, lemomin 'yan kallo suka juye, manyan 'yan wasa suna ta neman ƙwallo cikin ƙaya. Bodil ta ja hularta ta rufe kunne, ta yi wasanta kamar na kowace ranar Laraba a gida. Ta ɗauki kofin da rata mai yawa.

Da ta dawo, tuta na kaɗawa a sandar ƙofar gidansu. A nan mukan ɗaga tuta ranar haihuwa, da ranar aure, da ranar da wani abin kirki ya faru. Na tambayi Thorkild wane ne aka haifa.

Ya ce, "Shanya ta nake yi. Ta yi warin kifi."

Ga Bodil kuwa abin da ya ce shi ne, "Na ji a rediyo an ce an yi iska."

"An yi, Baba."

"Ta yi ƙoƙari."

Kofi na biyu a gaɓar Holland ta ɗauke shi, ranar da ruwan sama yake tafiya a kwance. Na uku a Scotland, ranar da aka kusa dakatar da wasan don ƙwallo ba ta iya zama wuri ɗaya a kan ciyawa. Kowane karo tuta ta yi warin kifi, kowane karo Thorkild ya yaba wa iska. 'Yan jarida suka raɗa mata suna Ɗiyar Guguwa. Abokan wasanta in sun ga gajimare ya haɗo sai su ce da ita, "Bodil, ga danginki nan sun iso." Takan yi dariya. Dariyar ba ta cika daɗewa ba.

Don akwai ɗaya ɓangaren. In iska na kaɗawa, daga ko'ina take, Bodil tana jin ta a kunne da wuya, ta san yadda za su shirya. Amma in gari ya yi tsit, tuta ta kwanta a jikin sandarta, sai jikin Bodil ya koma gida ba tare da ya gaya mata ba. Ƙafafunta su ɗan juya, kafaɗa ta bi, ta auna tekun da babu shi. Ƙwallon kuwa ta tafi daidai inda aka aike ta, ba wanda zai dawo da ita.

A Spain ta yi ta shiga gonakin lemo. A Thailand, inda aka gayyace su wata shekara, ta jefa ƙwallo uku a jere cikin tafki ɗaya. Aksel ya tsaya yana share gumi.

Ya ce, "Wannan dai ya fi kama da teku. An samu ci gaba."

"Ba ni sanda ka yi shiru."

"Wacce? Ta kamun kifi?"

"Aksel, akwai jirage a ƙasar nan. In ce a nema maka aiki?"

Ya miƙa mata sandar.

Ta je wurin wani malamin golf a Kopenhagen, mai ɗaki cike da madubai da na'urar ɗaukar hoto. Malamin bai yi ƙarya ba. Ya nuna mata ƙafafunta a hoto, ya shimfiɗa sanduna a ƙasa, ya daidaita ta. A ɗakinsa sai ta buga ɗari a miƙe. Amma ranar gasa, in ƙirji ya fara bugawa, jiki yakan koma ga abin da ya koya yana shekara goma. Malamin da kansa ya ce da ita, "Zan iya gyara ki ran Talata. Ran Lahadi kuwa ke da garinku ne."

Wata yamma da ta zo hutu ta same ni a gindin hasumiya ina sauke kekuna. Ta kama mini har muka kusa gamawa.

Sannan ta ce, "Verner, sau ɗaya nake so."

Na jira.

"Rana ɗaya da ko ganye ba ya motsi, in ci. Don in sani."

"Ki san me?"

"Ko ni ce."

Na ce keken nan na ƙarshe tayarsa ta sace. Ta duba, ta ce haka ne.

Damar ta zo tana dab da shekara arba'in. An shirya gasa a ƙasarmu, a tsibirin Fyn, a wani fili da ke tsakiyar daji mai dogayen bishiyoyi. Makon kuwa ya zo da zafi irin wanda ba mu saba ba. Kwana huɗu ake wasan, kuma tun ranar farko tutoci a kwance suke kamar rigar da aka manta a ƙusa. Kowa ya ɗauka Bodil za ta tattara ta koma gida da wuri.

Sai dai Aksel ya zo da wata dabara. Kafin kowane bugu sai ya matso kusa da kunnenta ya ce, "Ba teku a nan, Bodil. Shanu ne." Ta ja numfashi, ta dubi ƙafafunta, ta gyara su, ta buga. Wani bugun ya karkace, da yawa suka miƙe. Rana ta farko ta wuce, ta biyu, ta uku. Aka wayi gari ranar Lahadi tana cikin na gaba-gaba, ita da wata yarinya 'yar Sweden mai dogon wuya wadda ba ta taɓa ganin guguwar kirki ba.

Gudrun ta ɗauko hayar bas. Muka cika ta, har da waɗanda ba su san dokar wasan ba. Thorkild ya ce shi ba kallo za shi ba, yana so ne ya ga irin kifin da mutanen Fyn suke ci. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza. Kowa ya ɗauko rigar ruwa, don ɗan Marvig ba ya barin gida ba ita, kome kyan gari. Gudrun ta riƙo babban kwando, a ciki akwai filas na gahawa da kek mai kirim wanda ta yi tun asuba.

Hanya ta yi mana nisa, direba kuma ya ɓata sau biyu. Muka iso ana cewa Bodil da 'yar Sweden kunnen doki suke, saura rami ɗaya. Muka yi sauri muka nemi wurin tsayawa. Gefen dama cike yake da mutane. Gefen hagu kuwa, ƙarƙashin bishiyoyi, ba kowa. Muka yi mamakin mutanen Fyn. A gida kowa ya san hagu ne wurin tsayuwar mai hankali, can ne ƙwallo ba ta taɓa sauka. Muka jeru, mu wajen arba'in, cikin rigunan ruwa ana wannan rana, kowa kafaɗa ɗaya gaba, hannu a kan hula. Ba mu san muna yi ba. Haka muke tsayawa.

'Yar Sweden ta buga tata, ta sauka tsakiyar fili. Bodil ta fito. Ta ɗaga kai ta dubi inda za ta buga, sai ga garinsu kaf a hagunta, a karkace, riƙe da huluna.

Aksel ya ba ni labarin abin da suka ce daga baya.

"Ba teku a nan, Bodil."

"Na sani."

"Shanu ne."

"Aksel, wancan ba Baba ba ne cikin kwat?"

"Saniya ce. Buga."

Ta buga. Bugu ne mai kyau, na rantse, irin wanda ake ji a ƙashi. Ƙwallon ta taso ƙasa-ƙasa, ta nufo mu. Muna kallonta tana girma. Wani jami'i yana ɗaga hannu yana cewa a kauce. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Jira muke iska ta ɗauke ta.

Ta faɗa cikin kwandon Gudrun, tsakiyar kek.

Gudrun ta leƙa kwandon, ta ce, "Ai kuwa sai da na ce a bar shi a mota."

Jami'in ya zo, ya duba, ya yi magana a rediyonsa. Doka ta ce a ciro ƙwallon a sake ta ta faɗi ƙasa a wurin, ba tarar bugu. Bodil ta iso, ta sa yatsu biyu ta zaro ta, ta goge da tawul, ba ta dubi kowa ba. Da ta sake ta, sai ta gangara ta maƙale a jikin saiwar bishiya. Dole ta ɓata bugu ɗaya ta fito da ita fili. Daga nan ta kai ta bakin rami da wani bugu da har 'yan gefen dama suka yi tafi, ta jefa. Amma bugu ɗayan nan ya riga ya tafi. 'Yar Sweden ta ɗauki kofi, Bodil ta zo ta biyu.

A gindin bas muka ci kek ɗin, don ba a zubar da kek. Kowa yana taunawa yana kallon takalminsa. Bodil ta zo, Aksel na bayanta da jaka. Gudrun ta fara cewa, "Da mun sani, 'yar nan..." Bodil ta ce, "Zuba mini gahawa, Gudrun."

Thorkild ya zaɓi yankan da ƙwallon ta huda, ya ɗora a tafin hannu, ya daɗe yana dubansa.

Ya ce, "Wannan dai ba za a ce iska ce ba."

"A'a, Baba. Ni ce."

"Har da na kwana ukun farko?"

"Har da su."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To." Ya cinye yankan, ya lashe yatsa. A hanyar dawowa ni ne a kujerar bayansa. Na ga tutar gidansu a ninke ƙarƙashin kujera, cikin leda. Ban tambaye shi ba ko shanya ta ya je yi a Fyn.

Ta ƙara shekara biyu tana zagaye, sai kafaɗarta ta fara ciwo. Ta dawo Marvig da kofuna uku, ta jera su a kan kanta a ɗakin kulob, inda ba a daɗe ba aka fara zuba ƙananan cokula a cikin na Holland. Ta zama mai koyar da wasa. Rabin mako tana fili, rabi tana bakin murhu tare da Thorkild, wanda bai taɓa cewa ai na gaya miki ba, bai kuma taɓa cewa sannu da dawowa ba.

A taron kulob na shekara ta miƙe, abin da ba ta saba ba. Ta ce tana so a dasa bishiyoyi a layi tsakanin fili da teku, tun daga rami na ɗaya har na tara, su tare iska. Ta ce don yara ne, don su koyi auna abin da suke nufi.

Sai da aka ajiye kofunan gahawa.

Wani tsohon matuƙin jirgi ya ce, "In an tare ta, ni wa zai dawo mini da ƙwallo? Shekara talatin muna aiki tare da ita."

"Sai ka auna tuta."

"A shekaruna? Ko matata ba na dubanta kai tsaye."

Gudrun ta buga cokali a faranti. Thorkild, wanda ba ɗan kulob ba ne amma ba ya fashin taro saboda kek, ya ce daga can bayan ɗaki, "Ke da ta ciyar da ke shekara da shekaru, yau za ki rufe mata ƙofa?"

Bodil ta ce, "Ba rufewa zan yi ba, Baba. Labule zan sa."

Aka yi ta ja har gahawa ta huce. A ƙarshe aka yarda ta dasa, muddin da hannunta za ta yi. Kowa ya ɗaga hannu cikin kwanciyar hankali, don kowa ya san abin da gishiri da yashi suke yi wa dashe a bakin tekun nan.

Dashen farko tumakina suka cinye shi. Na kawo waya na zagaye wurin, ba mu yi maganar ba. Na biyu iska ta binne rabinsa. Ta haƙe, ta kafa shingen reshe a gabansu, ta sake sawa. Irin bishiyoyin nan ne masu ganye kamar allura, waɗanda ba sa zubar da shi da sanyi. Suna da taurin kai, ita ma haka. Kowace shekara in ƙanƙara ta narke sai a gan ta da shebur da baro, tana ƙara layin gaba. Aksel yana turo mata ruwa yana ƙorafi.

"Na ɗauki jakarki har Thailand. Yanzu kuma baro."

"Aƙalla ba ya tangaɗi."

"Shi ne kawai abin da ya hana ni ajiye aiki."

Thorkild ya rasu layin yana rami na uku. Shekaru suka tafi, bishiyoyin farko suka wuce tsayin mutum, suka haɗe kai. A bayansu aka sami wani irin shiru da ba mu taɓa ji ba a Marvig. Mutum yana iya kunna lofe da ashana ɗaya. Yara suka tashi suna auna tuta, suna mamakin abin da ya sa manya suke juya wa rami kafaɗa. Mu kuwa tsofaffi muka ci gaba da auna teku, ƙwallayenmu suna faɗawa cikin bishiyoyin Bodil. Na sha ganin Gudrun, ta haura tamanin, tana rarrafe ƙarƙashin rassa, tana faɗin abubuwan da ba ta koya mana a aji ba.

Don yara ne, in ji ta, ban kuwa musa ba. Ni dai da sassafe, in na fita duba tumaki, ba yara nake gani a wurin ba. A rami na uku, inda bishiyoyin suka fi tsayi, inda tuta ba ta ko motsi, nakan hangi mace ɗaya da bokitin ƙwallaye. Ta tsaya, ta dubi ƙafafunta, ta buga. Da yawa sukan miƙe in tana yi a hankali. Amma sai ta ja baya, ta rufe ido, ta daɗe, kamar mai kiran wani wuri a ranta, da mutane, da zafin rana. In ta buɗe ido ta buga wannan, sai a ji ta cikin rassa. Ta je ta tsince, ta dawo. Nakan bi ta bayan tudu don kada in dame ta. Haka muka yi shekaru, tana yi, ina wucewa.

Layin ya kai ƙarshen rami na shida tana da shekara sittin da ɗoriya, kanta ya yi fari. Wata safiya na zo gyara waya kusa da na uku, ban lura tana nan ba sai da na ɗago. Idonta a rufe. Ta daɗe fiye da kullum. Ta buɗe, ba ta ko dubi ƙafafunta ba, ta buga.

Ƙwallon ta tafi kamar an ja zare. Ba ta leƙa hagu ba, ba ta leƙa dama ba. Ta sauka taku ɗaya daga tuta, ta tsaya.

Ta sake ajiye wata, ta sake rufe ido. Ita ma haka.

Ta juyo ta gan ni da guduma a hannu.

"Tun yaushe kake nan, Verner?"

"Ban daɗe ba."

"Ka gani?"

"Wata tunkiya ce take ɗingishi, ita nake dubawa."

Ta ci gaba da kallona.

Na ce, "Amma na gani."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki bokitin, da sauran fiye da rabi a ciki, ta ce ko akwai gahawa a filas ɗina. Akwai. Muka zauna a kan tirela muka sha, ta tambaye ni labarin tunkiyar, na ƙirƙiro mata.

A lokacin an riga an kawo dashen rami na bakwai, suna jere cikin baƙaƙen bokitai a bayan ɗakin kulob. Ta ma kafa turaku ta ja igiya don layin ya miƙe. A wannan shekarar ba ta dasa ba. Aka tambaye ta, ta ce ƙasa ba ta yi laushi ba. Da shekara ta zagayo ta ce kafaɗa. Ta uku ba wanda ya tambaya. Ban ƙara ganinta da sassafe a rami na uku ba. An fi ganinta da rana a can arewa, a ramukan nan uku da suka rage a buɗe, hula har kunne, tana aika ƙwallo kan ruwa tana jiran ta dawo, tana yi wa Aksel tsiya in tasa ta tafi dankali.

Ta rasu cikin sanyin shekarar da ta wuce, bayan gajeriyar jinya. An cika cocin har waje.

Dashen suna nan cikin bokitansu, saiwoyi sun fasa gindin wasu sun kama ƙasa a inda suke. Aksel yana ba su ruwa in ya tuna, yana cewa shi ba aikinsa ba ne. A taron bana an ta da maganar ko a ƙarasa layin. Matasa suka ce a ƙarasa, tsofaffi suka ce a bar musu inda za su yi wasa, aka ɗage sai baɗi. Igiyar tana nan a ɗaure, daga bishiyar ƙarshe ta rami na shida zuwa wani turke a rabin na bakwai. Sheburin ma yana jingine a jikin turken, yashi ya binne bakinsa.